Gwaggo da Akurkinta

Gwaggo ta rasu ranar Talata da sassafe, kafin azahar an kai ta makwancinta. Yayar mahaifina ce, ita ce babba a ɗakinsu, kuma a gidanmu ta ƙarasa rayuwarta, a ƙauyenmu da ke tsakanin Dawakin Tofa da Dawanau, inda gonaki suke zuwa har gindin katangar gida. Allah Ya jiƙanta.

Kwana uku na yi a tsakar gida muna karɓar gaisuwa, kuma ban taɓa jin ƙarya ta taru a wuri ɗaya kamar a kwanakin nan ba. Mace za ta shigo ta durƙusa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah mai haƙuri. Ba ta da abokin faɗa." Ni dai sai in kafa wa tabarma ido. Gwaggo ba ta da haƙuri, kuma in aka ɗebe jarirai ban san wanda ba ta taɓa yin faɗa da shi a unguwar nan ba. Ɗaya daga cikin masu wannan yabon, bara-bara Gwaggo ta kore ta daga bayan gida, don ta riƙe ƙofar akurki a buɗe ta tsaya tana ba da labarin biki.

Matar Baffa, wato matar ƙanin mahaifina, ita ta fi kowa kuka. Kukan nata yana da kunne: da an yi sallama yake tashi, baƙi na fita ya lafa. Ɗanta kuwa ya sa hoto a waya da doguwar addu'a, wai an yi masa rashin uwa. Hoton ba na Gwaggo ba ne. Ita ba ta yarda a ɗauke ta, don haka sai ya yanko fuskar wata tsohuwa daga hoton wani suna. Mutane suka yi ta rubuta masa cewa ga haske nan a fuskarta.

Ranar sadakar uku matar Baffa ta ce manyan baƙi za su zo daga birni, bai kamata a ajiye musu tuwo da miyar kuka ba. Ta ce ai ladan ma na marigayiya ne. Na fita raka wasu abokan aikina bakin titi, kafin in dawo an yanka kajin Gwaggo goma sha ɗaya. Tsohuwar kaza guda da ke kwanci suka bari, ita ma don ta rame ne. Shekara ashirin da wani abu tunku da muzuru da shirwa suna kewaya akurkin nan ba su samu yadda suke so ba, dangi suka gama da shi tsakanin hantsi da azahar. Ina wanke kwanuka na ji wani baƙo a zaure yana cewa naman ya yi tauri.

Shi ya sa na zauna rubuta wannan. In na bar su, nan da shekara guda Gwaggo za ta koma wata tsohuwa mai sanyin hali da ba a taɓa yi ba, ta gaskiyar kuma ta ɓace.

Ta dawo gidanmu ne bayan rasuwar mijinta. 'Ya'ya biyu ta haifa, duk sun koma tun suna goye. Baba ya ware mata ɗaki, ya ce cinta da shanta suna wuyansa. Ta ce ta gode, amma ita ba za ta zauna tana sauraron ƙarar kwano ba. Ta roƙi ɗan filin da ke bayan ɗakinta, tsakanin katangarmu da ta Baffa, inda ake zubar da toka da fasassun tukwane. Ta share shi, ta sa kaji biyar da zakara, ta gina musu irin akurkin da kowa yake ginawa: ɗan ɗakin laka, a jingina masa katako, a tokare da dutse.

Ina gida a lokacin, muna hutun makarantar horon malamai. Damina ce, dawa ta yi tsayi har tana leƙen katanga. Wata safiya ta ɗage katakon, ba kazar da ta fito. Duk shidan suna kwance, kowace da rauni a wuya, ba a ma ci naman ba. Maza suka taru suna jinjina kai. Baffa ya ce, "Tunku ne. Sai haƙuri, Yaya, haka Allah Ya so."

Ba ta ko dube shi ba. Ta durƙusa tana bin gindin akurkin da hannu har ta gano ramin ta baya, ɗan ƙarami, hannun mutum ma ba zai shiga ba. Ta ce, "Allah bai hana kowa toshe rami ba, Auta." Auta take kiransa, har gemunsa ya yi fari bai samu wani suna a bakinta ba.

Ta sayar da akuyarta ta ce in raka ta birni sayen wayar raga. Mai shagon ya jawo mana irin wadda ramukanta suke da faɗi, ya ce ita ce ta kaji, ita kowa yake saya. Gwaggo ta zura babban yatsanta a ciki, ya wuce har gindinsa. Ta ɗaga masa hannun da wayar a rataye.

"Wannan kaza take hanawa fita," in ji ta. "Ni ba fitar kaza ta dame ni ba. Ka ba ni wadda take hana shiga."

Ya ce waccan ta taga ce, kuma ta fi tsada.

"Na tambaye ka tsadarta?"

Muka dawo da mai ƙananan ramuka, wadda ko ɗan yatsan ƙarshe ba ya shiga. Washegari ta ɗauki diga ta fara haƙa kwari kewaye da filin. Maza suna zaune a inuwa suna leƙowa ta kan katanga, ba wanda ya ce kawo in taya ki. Baffa ya ce, "Yaya, kabari kike haƙa wa kajin tun ba su zo ba?"

Ta ce, "Da kai ka haƙa shi, da an ce ka taɓa gama aiki ɗaya."

Sati biyu ta yi tana abu ɗaya. Kwarin ya kai mata gwiwa. Ta kafa dirkoki bayan ta shafe gindinsu da baƙin mai saboda gara. Ta saukar da wayar har ƙasan kwarin, ta lanƙwasa bakinta waje kamu biyu, yadda duk abin da ya zo haƙa daga gindi zai ci karo da ita a kwance. Ta zuba fasassun kwalabe da tsakuwa, ta mayar da ƙasa ta daɓe. Saman filin ma ta rufe shi da raga saboda shirwa da shaho. Ɗakin kwanan kajin ta ɗaga shi a kan bulo, ta yi masa daɓen siminti da rufin kwano, duk inda kwanon ya bar kafa ta cusa waya ta liƙe. Ta nome ciyawar da ke kewaye tas, ta ce ba ta son wurin da wani abu zai laɓe yana nazarinta. Mutanen unguwa suka sa wa wurin suna gidan yari. Ta ce madalla, ko ba komai ba a taɓa jin an shiga gidan yari sata ba.

Dokokinta ba su da yawa, amma ba ta sassauta ko ɗaya. Dusa ba ta kwana a kasko, don ɓera zai zo, kuma in ɓera ya saba da wuri maciji yana biye da shi. Ƙwai ba ya kwana sai wanda ake kwanci a kai. Kafin a kira magariba ta ƙirga kajinta ta rufe, ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Sannan ta barbaɗa toka a kewayen wayar, da safe ta zo ta duba sawun wanda ya kawo ziyara.

Ta iya karanta ɓarna yadda Baba yake karanta allo. In maƙwabta sun yi asara sukan kira ta, ba don suna son jin abin da za ta faɗa ba. Ta tsaya a kan mushen, ta juya shi da sanda. In an kashe da yawa an bar su, tunku ne. In an ja guda an cinye ƙirji an bar gashi a gindin katanga, muzuru ne. In ƙwai ya ɓace ba ɓawo, a nemi kumurci. In ɓawon yana nan a farfashe, gafiya ce. Bayan ta gama bayani sai ta dubi akurkin, ta dubi mai gidan, ta ce, "Kai ma da kai ne tunkun, ai da ka shiga." Mata kan yi dariya a ɗaki. Mazan ba sa sake kiranta sai wata asarar.

Abin da ba ta iya jurewa shi ne mutum ya yi aiki rabi ya ce ya dogara ga Allah. Takan ce ragwaye sun mayar da tawakkali bargo. Ban san wanda ya kai ta riƙon salla a gidanmu ba, amma in ka ce mata "sai yadda Allah Ya yi" kana tsaye kusa da ramin da ba ka toshe ba, za ka gwammace kiɗa da karatu a ranar.

Faɗanta mafi tsawo da Baffa a kan darbejiya aka yi shi. Bishiyar a gidansa take, a nan yake shimfiɗa buzu da rana, amma wani babban reshe ya tsallako katanga ya ratso saman filin kajin. Wani muzuru ya gano hanyar. Ya riƙa hawa reshen yana dirowa kan ragar, yau da gobe har ta saki a wani lungu, ya shiga ya fita da wata kaza mai 'yan tsaki takwas. Gwaggo ta ga gashinsa a jikin wayar, ta ga kartar farcensa a jikin reshen. Sau uku tana zuwa wajen Baffa da maganar. Na farko ya ce to. Na biyu ya ce sai bayan girbi. Na uku ya ce shi ba zai rasa inuwa saboda kaza ba.

Ta jira ranar Juma'a, maza suka tafi masallaci Dawakin Tofa. Ta jingina tsani, ta hau da gatari, tana da shekara sittin da 'yan kai a lokacin. Inna, mahaifiyata, ta tsaya a ƙasa tana salati tana roƙonta ta sauko. Reshen ya faɗa ta gefen Baffa, ya fasa randa, ya karya bencin da yake karɓar baƙi.

Baffa ya dawo ya shigo ko babbar riga bai cire ba. "Yaya, a cikin gidana?"

"Gindin ne a gidanka, kuma ban taɓa shi ba. Abin da ya tsallako katanga nawa ne."

"Randar fa?"

"Kazar fa?"

Daga wannan damina har babbar salla ba su yi magana ba, alhali katanga ɗaya ce tsakaninsu. Baba ya gaji, ya same ta ya ce, "Yaya, ke ce babba. Ki ba shi haƙuri a wuce wurin."

Ta ce, "In ba shi ya ajiye a ina, Malam? Wanda aka ba shi bara ma bai san inda ya sa ba."

A nan zan faɗi gaskiya, tunda na zargi wasu da ƙarya: ba ta kyauta ba a kan randar nan, kuma ta sani. Ba ta taɓa furtawa ba. Sai dai da zazzaɓi ya kwantar da Baffa bayan salla, ta yanka budurwar kaza ta yi farfesu, ta aika masa ba tare da ko sannu ba. Ya shanye, ya aiko da kwano. Da haka aka shirya. Sabuwar randa kuma ta bayyana a gidansa wata ranar kasuwa, ba wanda ya tambayi daga inda ta fito.

Ɗan Baffa, mai hoton nan, shi ne ya fi shan wuya a hannunta. Ya gama karatu a birni ya dawo ba aiki, ya ce zai yi kiwon kajin gidan gona. Ya kalli yadda ake yi a waya, ya kawo kafinta, aka gina masa ƙaton akurki a bayan gidansu, aka shafe shi da shuɗin fenti, har da ƙwan fitila mai aiki da hasken rana. Mutane suka riƙa zuwa kallo. Tun daga lokacin Gwaggo ta sa masa suna Injiniya. Da kansa ya zo ya gayyace ta, ina jin so yake ta ga yadda ake abu a zamanance.

Ta kewaya sau ɗaya. Ba ta dubi fentin ba, ba ta dubi fitilar ba. Ta sa bakin sandarta a ƙasan wayar, inda ta tsaya daidai da fuskar ƙasa, ta ɗaga. Wayar ta tashi kamar labule.

"Injiniya, ka yi wa tunku zaure mai kyau."

Ya yi dariya ya ce, "Gwaggo, wannan tsarin zamani ne. Haske yana korar su."

"Ka gaya musu? Don su ba su da waya."

Kajin sun yi sati biyar, sun fara nauyi, wata safiya aka tashi aka tarar da fiye da rabinsu a kwance. Uwarsa ta fito tana kururuwa, kuma a gaban mutane ta ce bakin Gwaggo ne. Ta ce dama an daɗe ana faɗa, ba banza ba kajin kowa suke mutuwa nata suna ƙaruwa, akwai abin da ta binne a gindin akurkinta. Wannan maganar ba ƙarama ba ce a ƙauye. Tsohuwa ce, ba miji, ba ɗa. Na san matan da irin wannan magana ta sa aka daina cin abincin hannunsu har suka mutu.

Amma Gwaggo ta saka mayafi ta tafi har wurin. Ta ratsa mutane, ta bi gindin wayar, ta tsaya a inda ƙasa ta tashi. Ta kira matar Baffa ta ce ta matso.

"Kin ga ramin nan? Bakina ba ya haƙa rami. Kin ga sawun nan? Ƙafa huɗu ne, ni biyu gare ni, ɗayar ma ciwo take. Abin da na binne kuwa gaskiyarki ne, na binne. Waya ce da kwalba. Ki aiko a tona a gani, in an gama a mayar mini yadda aka same shi."

Ba wanda ya aiko. Washegari ta ɗauko kujerarta 'yar tsugune ta dasa a gaban shuɗin akurkin, ta miƙa wa Injiniya digarta ta ce ya fara daga kusurwar gabas, za ta nuna masa. Ya yi haƙa har hantsi, hannunsa ya yi kanta, ya ce zai je ya dawo. Ta zauna jiransa har azahar. Sauran kajin ya sayar da su a satin. Yanzu harawar awakin uwarsa ake ajiyewa a ciki, fentin dai yana nan da kyansa.

Ban da muzurun darbejiya, sau ɗaya tak na san an shiga akurkinta an fita da kaza bayan ta gyara shi, kuma ba dabba ba ce. Na zo gida ganin Inna a lokacin, na riga na yi aure. Da safe Gwaggo ta kira ni bayan ɗaki ta nuna mini tokar. Sawun silifa ne, na ƙafar hagu yana da alamar ƙusa a tsakiya, irin wadda ake sokawa in maɗaurin ya tsinke. An ɓamɓare wayar daga jikin dirka ɗaya, an zura hannu. Na ce a gaya wa Baba a kai magana wajen mai unguwa.

Ta ce, "Rufe mini baki. Ɗauko mayafinki."

Ta kama wata kaza mai ƙiba, ta ɗaure ƙafafunta, ta rufe ta da mayafi. Muka bi ta bayan gari zuwa gidan wani maƙwabcinmu, ɗan dako ne a kasuwar Dawanau. Buhu ya taɓa masa baya, ya yi wata biyu bai fita ba, ga matarsa ta haihu kwana huɗu da suka wuce. Muna shiga ƙamshin romo ya tare mu. Silifan suna bakin ƙofa. Gwaggo ta yi wa mai jego barka, ta karɓi jaririn ta yi masa addu'a, ta ajiye kazar ta ce a ƙara a tukunya. Da za mu fita ta ce mai gidan ya taka mata.

A zaure ta tsaya. Mutumin ya kasa ɗaga kai.

"Wadda ka ɗauka tsohuwa ce, ba abin da za ta yi wa mai jego," in ji ta. "Da ka yi sallama da na zaɓa maka. Wannan ya wuce. Abin da bai wuce ba, ka lanƙwasa mini waya. In bayanka ya yi sauƙi ka zo da guduma."

Ya fara rantse-rantse yana neman gafara, ta ɗaga masa hannu. "Ban zo jin wa'azi ba. Guduma na ce."

Ya zo bayan kwana uku. Sau uku tana sa shi ya cire ƙusoshin ya sake, tana gaya masa ko ɓarawon kirki bai iya zama ba balle kafinta. Daga nan ya riƙa zuwa da kansa in akwai gyara, har ya koyi aikin gaba ɗaya. Yau duk akurkin kirki da ka gani a unguwarmu da ƙauyukan kusa shi ya yi shi, da shi yake ci da iyalinsa tunda bayan bai sake ɗaukar buhu ba. Gwaggo ba ta taɓa gaya wa kowa yadda suka fara ba. Ranar jana'iza shi ya haƙa kabarin, aka yi aka yi ya ba wani digar ya huta ya ƙi. Bai shigo gaisuwa da dogon bayani ba. Da na gaya masa zan yi wannan rubutu, shi ya ce in sa labarin silifan, in ban sa ba ban rubuta komai ba.

Ciwon ajalinta wata biyu ya yi. Ƙafafun ne suka fara kumbura, daga baya ko bakin ƙofa ba ta iya kaiwa. An kai ta asibiti a birni, ta kwana huɗu ta ce a mayar da ita gida. Na ɗauki hutu daga makarantar da nake koyarwa na dawo jinya. Magani ba ta gardama a kansa, abinci ma in an matsa takan taɓa. Abin da ya hana ta sukuni shi ne wa zai rufe kaji. Ni ta ce hankalina yana kan waya. Inna kuma, in ji Gwaggo, idonta ba ya gani da yamma. Sai Baba ya ce shi zai riƙa yi.

Baba ya haura saba'in, shi yake jan salla a masallacin unguwa in liman ba ya nan, kuma tunda nake ban taɓa ganin ya taɓa kaza mai rai ba sai in zai yanka. Kullum kafin magariba sai ya zagaya bayan ɗaki, ya dawo ya tsaya a bakin ƙofarta ya ba da rahoto kamar ɗalibi.

Ƙofar ɗakin kwanan kajin sakata biyu gare ta, ɗaya a sama, ɗaya can ƙasa daf da daɓe, don in ta sama kaɗai aka sa, ana iya tura gindin ƙofar ya buɗe kafa. Ta ƙasan ba ta sakuwa sai mutum ya durƙusa. Wata yamma Baba ya makara, ladan ya riga ya fara gyaran murya. Ya zagaya da sauri ya dawo.

"Na rufe, Yaya."

"Duka biyun?"

"Duka biyun."

Tana kwance, numfashi ma da ƙyar take ja. Ta ce in ɗaga labule haske ya shigo. Ta dubi farin wandonsa daga sama har ƙasa.

"Malam, gwiwarka fes take."

Baba ya dubi wandonsa. Ni na juya fuska bango don kada ya ga bakina.

"Za ka je ka tsaya gaban mutane da ƙarya a bakinka saboda sakata," in ji ta. "Koma."

Ya koma. A ranar wani ne ya ja salla, Baba a sahun baya ya samu raka'a biyu.

Daga ranar bai sake ba. Yakan shigo ya tsaya inda haske yake, ƙasa a gwiwoyinsa biyu, ba ya karkaɗewa sai ta gani. Inna tana mitar wanki, bai kula ba. Ran Litinin da yamma, wadda ba mu san ita ce ta ƙarshe ba, ya shigo kamar kullum. Gwaggo ta daɗe tana kallon gwiwoyin nan. Sannan ta ɗago ido ta dube shi.

"Ashe kai ma da an matsa maka tun kana yaro, da ka yi amfani."

Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Na gode, Yaya." Ya fita zaure, na bi shi da buta don ya yi alwala, na tarar da shi zaune a kan dakali ya rufe fuska da hannun riga. Ya ce mini tun suna yara yake jiran ta yabe shi, sai yau.

Da asuba ta cika, kanta a cinyar Inna, da kalmar shahada a bakinta.

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo gare Ka. Harshenta yana da kaifi, Ka fi mu sani, Ka yafe mata shi. Ka dubi abin da hannunta ya yi a ɓoye, Ka yalwata mata kabarinta, Ka haɗa ta da 'ya'yanta biyu da suka riga ta. Mu kuma da muka ci naman muka ce ya yi tauri, Ka shirye mu kafin namu lokacin. Amin.